Likitan Dabbobin da Ya Tallata Serengeti: Mece Ce Alaƙar Bernhard Grzimek da Tashin Makiyayan Masai?

Duk lokacin da rigimar tashin makiyayan Masai daga Ngorongoro da Loliondo, a arewacin Tanzaniya, ta dawo bakin 'yan jarida, sai an tono sunan wani Bajamushe da ya mutu tun 1987. Sunansa Bernhard Grzimek, Jamusawa kuma suna furta shi kusan kamar "Jimek". Masu fafutukar kare haƙƙin Masai suna cewa shi ya kafa harsashin tunanin da ake korar mutane da shi har yau. Masu kula da namun daji kuwa cewa suke, ba don shi ba da tuni Serengeti, babban gandun namun dajin da yake maƙwabtaka da su, ta zama gonaki, babu garken da zai rage a zo kallo.

To yaya aka yi likitan dabbobin da ya fara cin abinci da duba lafiyar kaji da ingancin ƙwai a Berlin ya zama mutumin da hirarsa ta dare a talabijin take taɓa makomar makiyayin da ko akwatin talabijin bai taɓa gani ba? Kuma cikin abin da ake jingina masa, na yabo da na zagi, wanne ne nasa da gaske?

## Daga kaji zuwa gidan namun daji

An haifi Grzimek a 1909 a garin Neisse, wanda a lokacin yake cikin Jamus, yau kuma yana ƙasar Poland da sunan Nysa. Ya karanta likitancin dabbobi a Leipzig da Berlin, ya sami digirin dakta a 1933. Aikinsa na farko babu ruwansa da zaki ko giwa. Ma'aikacin gwamnati ne a ma'aikatar abinci da noma, yana fama da cututtukan kaji da shanu, yana tsara yadda za a tantance ƙwai da adana shi. Littattafansa na farko ma na masu kiwon kaji ne.

Shekarar da ya gama karatu ita ce Hitler ya hau mulki. Grzimek ya shiga rundunar 'yan bangar Nazi ta SA a 1933, ya shiga jam'iyyar kanta a 1937. Bayan yaƙi ya ɓoye wannan a takardar da sojojin Amurka suke ba kowa ya cika, aka ci shi tara, amma ya ci gaba da musantawa. Takardun da masu bincike suka fito da su daga baya sun tabbatar da shigarsa. A lokacin yaƙin likitan dawakin soja ne, kuma ko a can bai bar bincike ba, yana gwada yadda doki yake bambanta launi da yadda yake gane hanyar gida.

A farkon 1945 ya bar Berlin ya nufi Frankfurt, aka ba shi riƙon gidan namun dajin birnin a watan Mayu. Bama-bamai sun rushe wurin, manyan dabbobin da suka tsira ba su wuce ashirin ba, hukuma kuma ta so ta rufe shi. A nan ne baiwarsa ta gaskiya ta fito, wato iya jan taro. Ya sake buɗe gidan cikin watanni biyu, ya kawo 'yan wasa da raye-raye da lilo, mutanen da yaƙi ya gigita suka riƙa biyan kuɗin ƙofa don su sami inda za su sake. Da wannan kuɗin ya ciyar da dabbobi ya sake gini. Ya riƙe gidan har 1974.

## Abin da talabijin ta ƙara masa

A watan Oktoba na 1956 gidan rediyo da talabijin na jihar Hesse ya fara watsa shirinsa, "Ein Platz für Tiere", wato wuri domin dabbobi. Shirin ya yi shekara talatin yana fita, kashi 175, har mutuwarsa. A shekarun farko tasha ɗaya ce tal a Jamus ta Yamma. Duk gidan da ya kunna akwati a wannan daren, shi yake kallo.

Tsarin shirin ba shi da wani ƙawa. Mutum ne zaune a bayan tebur sanye da kwat, yana gaishe da masu kallo da "ƙaunatattun abokaina" cikin murya mai fita ta hanci, wadda masu barkwanci suka daɗe suna kwaikwayo. Kullum yana tare da wata dabba daga gidan namun daji, yau ɗan biri yana ja masa riga, gobe maciji yana zagaye masa wuya. Sai ya nuna fim daga Afirka ko wani wuri, ya yi bayani, a ƙarshe ya karanta lambar asusun da za a tura gudummawa. Kuɗin yana shiga Ƙungiyar Nazarin Dabbobi ta Frankfurt, wadda shi yake jagoranta. Da haka miliyoyin mak (kuɗin Jamus na lokacin) na talakan Jamus suka tafi sayen motoci da jiragen sintiri da biyan masu gadin daji a gabashin Afirka.

Abubuwa uku ne suka haɗu a hannun mutum ɗaya: laƙabin likita da farfesa, wanda yake sa a yarda da maganarsa ba gardama, kyamara, wadda take nuna abin da aka ga dama ta ɓoye sauran, da kuma asusun da babu majalisar da take tambayar yadda aka kashe shi. An ce gani ya kori ji, amma mai kallo a Frankfurt abin da aka zaɓar masa kawai yake gani. Kuma da wuya ya tsaya ya tambayi kansa ko wanda ya karanci jikin dabba ya san dokar mallakar ƙasa ko tsarin kiwon Masai. Likita ne ya faɗa, shi ke nan.

Ba Afirka kaɗai ya yi wa amfani da wannan ƙarfi ba, kuma adalci ne a faɗa. Ya yaƙi cunkusa kaji a keji har aka kai shi kotu, ya yaƙi kashe jariran karnukan ruwa da sa rigar fatar damisa. Shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, Willy Brandt, ya naɗa shi kwamishinan kare muhalli na tarayya a 1970, ya ajiye muƙamin bayan 'yan shekaru don ya ga gwamnati ba da gaske take ba. Ya shirya kundin sanin dabbobi mai juzu'i 13 wanda ya fito tsakanin 1967 da 1972, aka fassara shi zuwa harsuna da dama. Amma abin da duniya ta san shi da shi Serengeti ce.

## Rigimar iyaka da jirgi mai zanen jakin dawa

Sai an fahimci bambancin wurare biyu kafin a gane rigimar. Gandun daji na ƙasa, irin Serengeti ta yau mai faɗin kusan murabba'in kilomita 14,750, wuri ne da doka ta hana zama da kiwo da noma da farauta. Yankin kiyayewa na Ngorongoro kuwa an kafa shi ne bisa sharaɗin mutane da shanunsu da namun daji su zauna tare. A cikinsa ne ake da mashahurin kwarin nan, ramin tsohon dutse mai aman wuta da ya rufta, wanda yake cike da zakuna da karkanda da ɓauna.

Da Turawan Ingila suka ayyana Serengeti gandun daji a 1951, duka biyun a haɗe suke, Masai kuma suna ciki da dabbobinsu. Rikici ya yi ta tashi tsakaninsu da masu gadi. Gwamnatin mulkin mallaka ta Tanganyika (babban yankin Tanzaniya ta yau), wadda take ganin abin da tawayen Mau Mau yake yi a Kenya maƙwabciya, ba ta son ta ƙara tsokano wata fitinar. A 1956 ta kawo shawarar rage gandun. Ƙungiyoyin kare namun daji na Turai da Amurka suka yi ca, aka turo masanin tsirrai W. H. Pearsall ya yi nazari, aka kafa kwamitin bincike a 1957. Matsayar da aka cimma ita ce a raba: Masai su fita daga Serengeti gaba ɗaya, a cire Ngorongoro daga gandun a bar musu, a ƙara wa gandun wani yanki a arewa har iyakar Kenya.

A nan Grzimek ya shigo. Shi da ɗansa Michael sun riga sun yi wani fim a Kwango a 1956 wanda ya caccaki Turawa masu zuwa farautar nishaɗi, ya kuma kawo kuɗi sosai. Suka yi tayin ba da ribar a sayi ƙasa a ƙara wa gandun. Shugaban gandayen Tanganyika ya ce musu abin da ake buƙata shi ne a san yawan dabbobin da hanyar da suke bi. Uba da ɗa suka koyi tuƙin jirgin sama, suka sayi ƙaramin jirgi ƙirar Dornier, suka yi masa fenti baƙi da fari irin na jakin dawa, suka tashi daga Jamus a ƙarshen 1957.

Sun raba filin gida-gida suna shawagi ƙasa-ƙasa suna ƙirga. Ana ta cewa akwai dabba miliyan guda, su kuwa suka samu kimanin 367,000, cikinsu kusan 100,000 nyumbu ne, dabbar nan mai gemu da take kama da kanki, wadda ƙaurarta ce ta sa Serengeti ta yi suna. Sun kama wasu sun ɗaura musu abin wuya mai launi don bin sawunsu. Ƙarshen bincikensu shi ne sabuwar iyakar za ta bar garken a waje na tsawon watanni kowace shekara, don haka kada a cire filayen gabas.

Ranar 10 ga Janairu 1959 jirgin ya yi karo da ungulu a sama, ya faɗi, Michael ya mutu yana da shekara 24. Aka binne shi a bakin kwarin Ngorongoro. Uban ya ƙarasa fim ɗin, "Serengeti darf nicht sterben", wato kada a bar Serengeti ta mutu, ya rubuta littafi mai wannan suna. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 1960, littafin ya zaga duniya. Mutuwar saurayin ta ba labarin wani nauyi da ya sa sukar abin da yake ciki ta zama kamar rashin tausayi.

## Shin shi ya kori Masai daga Serengeti?

A zahirin tarihi, a'a. Gwamnatin Ingila ce ta yanke hukuncin, dattawan Masai suka sa hannu a yarjejeniyar barin Serengeti a 1958, doka ta fara aiki a 1959, duk kafin fim ɗin ya yi tasirinsa. Hasali ma Grzimek faɗuwa ya yi a wannan gardamar. Iyakar da ya yaƙa ita aka zartar. Kuma daga baya bincike ya nuna yankin arewan da ya raina, yana ganin dabbobi ba sa zuwa, shi ne mafakar garken a lokacin rani. Ƙirgarsa ma ta gaza, don waɗanda suka sake ƙirgawa a 1961 sun samu nyumbu fiye da ninki biyu na adadinsa.

Amma wannan bai wanke shi ba. Abin da ya so ya fi abin da aka yi tsanani. Ya rubuta ƙarara cewa gandun daji ba zai yi amfani ba sai ya zama babu ɗan Adam a cikinsa, ko da ɗan asalin wurin ne. Da an bi tasa, da Ngorongoro ma ba a bar wa Masai ba. A fim ɗin, mafarautan yammacin Serengeti, irin su Ikoma da maƙwabtansu waɗanda kakanninsu suka rayu da naman daji, sun fito ne a matsayin ɓarayi masu ɗana tarkon waya. Masai kuma sun fito a matsayin kyawawan mutane masu girman kai waɗanda shanunsu suke cinye ciyawa suna ƙafar da ruwa. Ya kwatanta garken Serengeti da manyan gine-ginen tarihi na Turai, ya ce gadon 'yan Adam ne duka. Maganar tana da daɗin ji, sai dai idan abu ya zama na duniya duka, wanda yake zaune a kansa ya koma mutum ɗaya cikin biliyoyin masu haƙƙi. Ya kuma damu ƙwarai da yawan haihuwa, har yana rufe wasiƙunsa da wata jimlar Latin mai cewa lallai a rage zuriyar ɗan Adam. Ga mutumin da yake da tarihin jam'iyyar da ya shiga, wannan magana ba ta da daɗin ji ko kaɗan.

Ni a ganina laifinsa bai tsaya a kan wata doka ko wata iyaka ba. Hoto ya kafa a zukatan miliyoyin mutane, na Afirka ta asali wadda babu kowa cikinta sai dabbobi, kuma wannan hoton ne ɗan yawon buɗe ido yake biya don ya gani. Duk garken shanun da ya gifta a gaban kyamararsa ɓata masa hoto yake.

## Dajin da aka ce babu kowa: labarin bushiya

Ba a nan ma gizo yake saƙa ba. Filin da Turawa suka tarar kamar ba a taɓa zama a cikinsa ba, annoba ce ta share shi, kuma annobar da ya kamata likitan dabbobi ya fi kowa saninta.

Cutar bushiya ta shigo Afirka wajen 1887 ta tashar ruwan Massawa a Eritiriya, tare da shanun da sojojin Italiya suka kawo. Cikin 'yan shekaru ta kashe kusan tara cikin goma na shanun gabashin Afirka. Yunwa da agana suka biyo baya, Masai suka mutu da yawa, har yau suna kiran wannan zamani da sunan da yake nufin shafewa. Ita ce dai annobar da ta ratsa zuwa yamma ta ƙarar da garken Fulani a ƙasar Hausa da Borno da Adamawa a farkon shekarun 1890. Da shanu da mutane suka ragu a Serengeti, ba mai kiwo ba mai ƙona daji, sai ƙaya ta rufe wurare, ƙudan tsando ya bazu, ya hana mutane dawowa. Wannan kufai ne baƙi suka gani suka ce haka Allah ya halicce shi.

Bushiyar ba ta tafi ba. Ta zauna a cikin shanu, kowace shekara tana tsallakawa ta kashe 'yan maruƙan nyumbu da ɓauna. Garken da Grzimek ya ƙirga daga sama garke ne da cuta ta danne. Abin da ya sake shi kuwa aikin likitocin dabbobi ne na yau da kullum, wato yi wa shanun makiyayan da suke kewaye da gandun allurar rigakafi. Walter Plowright, wani likitan dabbobi ɗan Ingila da yake aiki a Muguga ta Kenya, ya samar da allura mai inganci da araha wajen 1960. Da aka tsare shanu, cutar ta ɓace daga namun daji da kanta a farkon shekarun 1960. Nyumbu suka tashi daga kimanin 250,000 zuwa kusan miliyan 1.3 a ƙarshen shekarun 1970. Da suka yawaita suka cinye ciyawar da take ci da wuta, gobarar daji ta ragu, itatuwa suka dawo.

Mu ma wannan yaƙin ya biyo ta ƙofarmu. Babban gangamin rigakafin bushiya na Afirka, wanda aka sani da JP15, a Kano aka tsara shi a 1961, aka fara shi a 1962 a ƙasashen tafkin Chadi: Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru. Cutar ta sake ɓarkewa a Najeriya a farkon shekarun 1980 ta yi ɓarna mai yawa, kafin a bayyana kawar da ita daga duniya a 2011.

Saboda haka gagarumar ƙaurar da ake nunawa a talabijin yau, ta dabba fiye da miliyan tana tsallaka kogin Mara, ba korar makiyaya ce ta haife ta ba. Makiyayan da suka kawo shanunsu aka yi musu allura suna da hannu a cikinta. Kuma sun biya farashi na biyu. Jariran nyumbu suna ɗauke da wata ƙwayar cuta da ba ta yi musu komai, amma idan ta kama saniya sai zazzaɓi da majina da makanta, da wuya ta tashi. Don haka a watannin haihuwar nyumbu, farkon shekara, dole Bamasaye ya janye shanunsa daga filayen gajeriyar ciyawa, waɗanda su ne mafi kyawun makiyaya a daidai wannan lokacin. Yawan nyumbu ya ninka sau biyar, wurin kiwo ya ƙara matsewa.

## Yadda dabba ta zama kuɗin shiga

Lokacin da Tanganyika take shirin samun 'yanci a 1961, Turawa da yawa sun yi ta cewa da zarar baƙar fata ya karɓi mulki za a cinye namun dajin. Grzimek bai bi wannan layin ba. Ya ƙulla abota da Julius Nyerere, wanda ya zama shugaban ƙasar na farko, ya nuna masa cewa dabba mai rai tana iya kawo kuɗin waje kowace shekara. Nyerere ya fitar da sanarwar Arusha a 1961 yana alƙawarin kiyaye namun daji, Tanzaniya kuma ta ƙara yawan gandayenta bayan 'yanci maimakon ta rage. Shi dai Grzimek da duk mai mulki yake hulɗa in dai zai kare dabbobi, har da Mobutu na Kwango da Idi Amin na Uganda.

Matsalar ita ce a lokacin babu 'yan yawon buɗe idon da aka yi wa alƙawari. Sai ya yi wata dabara da ta shahara. Ya sanar a shirinsa cewa yanzu ana iya zuwa gabashin Afirka kallon dabbobi a farashi mai sauƙi, alhali babu kamfanin da yake sayar da irin wannan tafiyar. Masu kallo suka yi ta kiran kamfanonin tafiye-tafiye, kowane kamfani ya ɗauka abokin gasarsa ne ya riga shi, suka fara shiryawa. Ƙarya ce ya yi wa jama'a a fili, kuma ta yi aiki.

Yau yawon buɗe ido yana kawo wa Tanzaniya fiye da dala biliyan 3 a shekara, yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin wajenta. UNESCO ta sa Ngorongoro cikin wuraren tarihi na duniya a 1979, Serengeti a 1981. Duk gwamnatin da ta zo, wannan lissafin take dubawa.

## Abin da ake jayayya a kai yanzu

A 1959 gwamnan Tanganyika, Baturen Ingila Richard Turnbull, ya faɗa wa shugabannin Masai cewa idan buƙatar namun daji da ta mutane suka yi karo a Ngorongoro, ta mutane za a fifita. Alƙawarin bai daɗe ba. A tsakiyar shekarun 1970 aka fitar da masu zama a cikin kwarin, aka hana noma. An ɗage hanin a 1992, aka dawo da shi a 2009. Daga baya aka hana shanu sauka kwarin shan ruwa da lasar gishiri.

Rigimar yanzu ta kasu biyu, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Ta Loliondo, gabas da Serengeti, a kan fili ne mai murabba'in kilomita 1,500 wanda jami'an tsaro suka kafa wa alamun iyaka a watan Yunin 2022, aka mai da shi gandun farauta na Pololeti. An yi arangama, ɗan sanda ɗaya ya mutu, Masai da dama sun ji rauni, wasu suka tsere Kenya. A wannan yankin ne kamfanin Otterlo, mai shirya wa manyan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa farauta, ya sami izini tun a 1992. Abin lura, irin wannan farautar ta masu kuɗi ita ce Grzimek ya fara yin suna da yaƙarta. Ta Ngorongoro kuwa shiri ne na kwashe mazauna zuwa ƙauyen Msomera a gundumar Handeni, kusan kilomita 600 daga gida.

Hujjar gwamnati ba ta banza ba ce. Ta ce mazauna Ngorongoro sun tashi daga kimanin 8,000 a 1959 zuwa wajen 100,000, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. Cewa Pololeti mashaya ce kuma hanyar garke. Cewa ƙaurar ta ganin dama ce, ana ba mutum gida da gona da kuɗi. Masai suka ce ganin dama ba ya yiwuwa idan an daina gyara makaranta da asibiti a inda kake, an hana ka noma, an hana ka gini. Rahoton ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch na 2024 ya kawo shaidu a kan haka. Suna kuma tambaya me ya sa ake ƙirga su da shanunsu, ba a ƙirga otal-otal da jerin motocin da suke gangarawa kwarin kullum. Su dai a al'adarsu ba sa cin naman daji, abin da ya sa dabbobin suka rayu a ƙasarsu tun farko. Majalisar Tarayyar Turai ta yi Allah wadai da korar a ƙarshen 2023.

Ƙungiyar Frankfurt da Grzimek ya bari tana nan tana aiki a Serengeti, da kuɗinta da na gwamnatin Jamus. Masu suka irin Survival International, ƙungiyar kare haƙƙin 'yan asalin ƙasa, suna zarginta da ba wa tsarin kariya da kayan aiki. Ita kuma ta ce ba ta da hannu a shawarar tashin kowa, tana kuma da ayyukan raya ƙauyukan da suke gefen gandun. Shi kansa Grzimek ya mutu a watan Maris na 1987 yana kallon wasan dabbobi a Frankfurt, aka kai tokarsa Ngorongoro kusa da ɗansa. 'Yan yawon buɗe ido suna tsayawa a dutsen kabarinsu su ɗauki hoto, a ƙasar da ake roƙon masu ita su tashi.

## Me wannan yake nufi ga mai shanu?

Ga makiyayin da ya yarda ya tafi Msomera, sauyin ya wuce na wuri. Ya bar tudu mai sanyi ya koma ƙasa mai zafi da cututtukan dabbobi da shanunsa ba su saba da su ba. An ba shi fili mai iyaka, alhali kiwonsa na yawo ne, yana bin ruwa da ciyawa. Gidan da aka gina na mai mace ɗaya ne, iyalin Masai da yawa kuwa sun fi haka. Duk wanda ya ga abin da toshe burtali ya jawo a wajenmu ya san inda irin wannan yake kaiwa. Wanda ya ƙi tafiya kuma yana zaune ne a inda hidimar gwamnati take raguwa, idan shanunsa suka tsallaka sabuwar iyaka a kama su, ya biya tara ko a yi gwanjonsu.

A watan Agustan 2024, bayan an soke rajistar ƙauyukan Ngorongoro dab da zaɓen ƙananan hukumomi, dubban Masai suka tare hanyar da motocin baƙi suke bi zuwa Serengeti na tsawon kwanaki. Hotunan suka bazu ta wayoyin hannu, wannan karon su da kansu suka ɗauka. Gwamnati ta ja da baya, ta dawo da ƙauyukan, ta yi alƙawarin maido da hidimomi. A watan Disamba Shugaba Samia Suluhu Hassan ta gana da shugabanninsu a Arusha, ta sanar da kwamitoci biyu, ɗaya ya duba rigimar ƙasa, ɗaya ya duba shirin ƙaurar. A can Msomera kuma wata rigimar ce ta tashi, don mutanen da aka tarar a ƙauyen, manoma da makiyaya, suna cewa gonakinsu da makiyayarsu aka yanka aka ba baƙin, ba tare da an tambaye su ba.